Rashin Jari ko Tsoron Asara? Sharhi a kan Wani Bincike game da Manoman Yankin Tamale

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu tsara manufofin noma a Afirka ta Yamma tuwo a ƙwarya. Tambayar ita ce: me ya sa ƙaramin manomi ba ya zuba takin zamani da ingantaccen iri yadda malaman gona suke ba shi shawara, alhali an nuna masa a gonar gwaji cewa amfanin zai ƙaru? Amsoshi biyu aka fi bayarwa. Ta farko ita ce rashin sani da riƙo da al'adar kaka da kakanni. Ta biyu kuwa ita ce rashin jari. A kan waɗannan amsoshi biyu aka gina mafi yawan shirye-shiryen gwamnatoci, wato ko dai a tura malaman gona su wayar da kai, ko kuma a raba bashi da taki mai rahusa.

A shekarar 2014 mujallar Quarterly Journal of Economics ta buga wata maƙala ta masana tattalin arziki huɗu, wato Dean Karlan da Christopher Udry daga Amurka, da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto na Jami'ar Gana da ke Legon. Maƙalar ta kawo amsa ta uku, bayan gwajin da suka yi a ƙauyukan arewacin Gana, a yankin da Tamale take babban birninsa. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wannan aiki. Za a bayyana abin da ya ƙunsa, a nuna inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, sannan a dubi rawar da harshe da fassara suke takawa a irin wannan bincike, domin nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa.

2.0 Tamale da Manomanta

Tamale tana cikin ƙasar Dagwamba, kimanin kilomita 600 arewa da Akra. Harshen Dagbani shi ne na mafi yawan mazauna birnin da ƙauyukansa, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Hausa ba baƙuwa ba ce a wurin. Fatake masu neman goro sun yi shekaru aru-aru suna ratsa Yandi zuwa Salaga, kuma har yau ana jin Hausa a unguwannin zango da kasuwanni. Harshen Dagbani ya ari kalmomi da yawa ta wannan hanya, kamar lahabali daga labari, da alaafee daga lafiya.

Damina ɗaya ake yi a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ake samu yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura. Wannan ya fi abin da Kano ko Katsina suke samu. Matsalar dai ita ce yadda ruwan yake rabuwa. Yakan ɗauke mako biyu ko uku a tsakiyar damina, ko ya zo da yawa a lokaci guda ya cika fadamu. Ana noma masara da shinkafa da doya da gyaɗa da dawa da gero da wake, sannan waken suya ya samu karɓuwa a shekarun baya-bayan nan. Daga cikinsu masara ce ta fi son taki, ita ce kuma ta fi saurin nuna gazawa idan ruwa ya ɗauke lokacin da take fure da goyo. Saboda haka manomin da ya ci bashi ya zuba wa masara buhu biyu na taki ya ɗora dukiyarsa ne a kan makonni kaɗan na watan Yuli da Agusta.

Yankin yana da cibiyoyin ilimi da suka shafi noma. Akwai cibiyar binciken aikin gona ta SARI a Nyankpala, yamma da Tamale, da kuma Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, wadda aka kafa a 1992.

3.0 Abin da Binciken Ya Ƙunsa

An fara gwajin a daminar 2009 da gidaje 502 na manoman masara. An raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a, domin kada zaɓin mai bincike ya shiga ciki. Kashi na farko an ba su tsabar kuɗi kyauta gwargwadon girman gona. Kashi na biyu an ba su inshorar ruwan sama kyauta. Kashi na uku sun samu duka biyun. Kashi na huɗu ba a ba su komai ba, an bar su ne domin a auna sauran da su.

Wannan inshora, wadda aka yi wa laƙabi da takayua, wato laima a harshen Dagbani, ta bambanta da wadda aka saba. Ba a zuwa gonar mutum a duba abin da ya yi asara. Ma'aunin ruwan sama da ke tasha mafi kusa shi ne alƙali. Idan kwanakin da aka yi ruwa suka gaza wani adadi, ko suka wuce wani adadi, sai a biya duk wanda yake da takarda, ko gonarsa ta yi kyau ko ba ta yi ba. A shekarun da suka biyo baya an ƙara yawan gidajen, an kuma sayar da inshorar a kan farashi iri-iri, shi ma ta ƙuri'a, domin a ga nawa manomi zai yarda ya biya.

Sakamakon ya zo da abin da ba a zata ba. Waɗanda aka ba kuɗi kawai ba su ƙara abin da suke kashewa a gona sosai ba. Waɗanda suka samu inshora kuwa, ko da ba a ba su ko sisi ba, sun ƙara faɗin gona, sun ƙara kuɗin huɗa, sun ƙara sayen taki, sun kuma ƙara karkata ga amfanin da yake dogara da ruwan sama kamar masara. Wato ke nan sun nemo kuɗin da kansu. Haka kuma, da aka sayar da inshorar a kan farashin da ya yi daidai da abin da ake sa ran za ta biya, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na manoman sun saya, amma da farashin ya hau zuwa na kasuwa sai masu saye suka ragu ƙwarai. An kuma lura cewa wanda aka biya bara, ko wanda ya ga an biya ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa, shi ne ya fi saye bana. Daga nan marubutan suka yanke hukunci cewa abin da ya fi ɗaure hannun waɗannan manoma shi ne tsoron asarar da ba ta da mai ɗauke musu ita, fiye da rashin jari.

4.0 Inda Aikin Ya Yi Ƙarfi

Babban abin yabo a wannan aiki shi ne ya ɗauki manomi a matsayin mai lissafi. Ya fara da zaton cewa akwai dalili a bayan abin da manomi yake yi, sannan ya nemi gano dalilin. Muhimmancin wannan ba ya fitowa sai an waiwayi tarihin yankin.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wani kamfani a Damongo, cikin ƙasar Gonja, domin noman gyaɗa da hatsi da manyan injuna, aka kuma yi ƙoƙarin kwaso manoma daga can arewa mai cunkoso a zaunar da su a wurin. Shirin bai kai ƙarshen shekarun ba ya rushe, kamar yadda takwaransa na Mokwa a Nijeriya ya rushe a 1954. A 1972 gwamnatin soja ta Kanar Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, inda bankuna suka ba da bashi mai sauƙi, aka shigo da taraktoci da injunan girbi, aka buɗe manyan gonakin shinkafa a fadamun arewa. Noman shinkafa ya bunƙasa na ɗan lokaci, amma waɗanda suka fi cin moriyarsa 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja. Ba a daɗe ba gobara ta riƙa cinye gonakin kafin girbi. Jack Goody (1980) ya yi rubutu a kan wannan ƙone-ƙone, ya danganta wani ɓangare nasa da ɓacin ran mutanen ƙauye da aka shiga filayensu ba su ga amfanin kome ba. A 1986 kuma shirin Sasakawa Global 2000 ya zo da gonakin gwaji na eka ɗaya da bashin iri da taki. Amfanin ya yi kyau a farko, amma da aka faɗaɗa shi zuwa dubun dubatar manoma a 1989 sai biyan bashin ya faɗi warwas.

Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne, kowannensu ya zo da amsarsa a aljihu tun kafin ya yi tambaya. Aikin su Karlan ya bi wata hanya dabam, wadda take da tushe a ƙasar Hausa. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi manoman Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau suna rubuta aikinsu na yau da kullum. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona guda ci baya ne. Norman (1974) ya nuna cewa haɗin yana ba da sakamako mafi kyau a kan aikin da aka yi a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma yake yi wa kowa yawa, kuma amfaninsa ya fi tabbas daga shekara zuwa shekara. Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Binciken Tamale ya ƙara wa wannan fahimta hujja ta hanyar gwaji, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin yabo na biyu shi ne yadda aikin ya fito da batun amana. Manomi ba ya sayen alkawari sai ya ga an cika shi ga wani da ya sani. Gani ya kori ji. Duk wanda ya san tarihin da aka ambata a sama ba zai kira wannan taurin kai ba.

5.0 Inda Aikin Ya Yi Rauni

5.1 Ƙarin Kashe Kuɗi da Ƙarin Riba

Rauni na farko yana cikin alƙaluman maƙalar kanta. Manoman da suka samu inshora sun ƙara kashe kuɗi, amma binciken bai iya tabbatar da cewa ƙarin amfanin da suka girbe ya zarce ƙarin abin da suka kashe ba. Marubutan ba su ɓoye wannan ba, sai dai masu yaɗa sakamakon sun fi ɗaukar rabin farko su bar na biyu. Idan ƙarin taki bai kawo ƙarin riba ba, to akwai yiwuwar manomin da ya ƙi zubawa tun farko yana da gaskiya, kuma matsalar tana wani wuri dabam: ƙasar da ta gaji, ko ƙuduji, ko irin da bai dace ba, ko takin da ya iso bayan lokacinsa ya wuce.

Bugu da ƙari, idan aka yi wa aikin iyali kuɗi a kan ladan ƙwadago na kasuwa, lissafin yakan nuna cewa gonakin da yawa faɗuwa suke yi. Amma mutane suna ci gaba da noma su shekara da shekaru. Wannan yana nuna cewa ma'aunin mai bincike da na manomi ba ɗaya ba ne. Magidanci yana auna damina da yawan watannin da rumbunsa zai kai kafin ya fara awo a kasuwa. Buhun da ke cikin rumbu a watan Yuni, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma aiki ya yi yawa, ya fi buhun kaka daraja nesa ba kusa ba, ko da nauyinsu ɗaya.

5.2 Ma'aunin Ruwa da Gonar Mutum

Rauni na biyu yana cikin ita kanta inshorar. Kowa ya san ruwan damina yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Tashar awo tana iya nuna an yi ruwa isasshe alhali gonar da ke nesa da ita da kilomita 15 ta ƙone. A irin wannan shekara manomi ya yi asara biyu, ga amfanin gona ya tafi, ga kuɗin inshora ya tafi. Marubutan sun amince da wannan giɓi. Abin da ya kamata a ƙara jaddadawa shi ne ruwan sama ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da manomi yake tsoro. Tsutsar masara da ta mamaye gonakin Gana a 2017 ba ta bayyana a ma'aunin ruwa. Haka nan gobarar daji, da shanun da suka shiga gona, da rashin lafiyar maigida a tsakiyar noma, da faɗuwar farashi da kaka.

Ga kuma batun farashi. A Gana an kafa shirin inshorar noma na ƙasa a 2011, amma har yanzu ƙananan manoma kaɗan ne suke saye da kuɗinsu. Haka abin yake a wasu ƙasashe. A wani gwaji da aka yi a Malawi, wanda Giné da Yang suka wallafa a 2009, manoman da aka yi wa tayin bashi haɗe da inshorar ruwa sun karɓa ƙasa da waɗanda aka yi wa tayin bashin kawai. Saboda haka abin da aka gani a Tamale, inda masu bincike suke zuwa ƙauye da kansu suna bayani suna kuma kawo biya a hannu, ba lalle ne ya maimaitu a hannun kamfani mai neman riba ba.

5.3 Gida Ba Baki Ɗaya Yake Magana Ba

Binciken ya ɗauki gida a matsayin abin awo, kamar dai shawara ɗaya ce take fita daga cikinsa. A ƙasar Dagwamba maigida, wato yidana, shi ne da alhakin hatsin tuwo, mata kuwa su ne da kayan miya da sauran ƙananan buƙatu. Suna samun kuɗin ne daga tsintar kaɗanya da yin man kaɗe, da turara shinkafa, da ƙananan gonakin gyaɗa da kuɓewa. Idan inshora ta sa maigida ya faɗaɗa gonar masara, wa zai yi ƙarin shuka da girbi da ɓarza? Daga wace sana'a aka janye hannun? Abin mamaki shi ne Udry da kansa ya nuna a 1996, da alƙaluman Burkina Faso, cewa gonakin mata suna samun ƙarancin taki da ƙwadago idan aka gwada da na maza a gida guda, kuma amfaninsu yana gazawa saboda haka. Wannan darasi bai samu wurin da ya cancanta a maƙalar 2014 ba. Ga mai tsara manufar wadata ƙasa da abinci wannan giɓi ne babba, domin tuwo ba ya ciyuwa sai da miya.

5.4 Tsohuwar Laima

Rauni na huɗu shi ne ƙarancin bayani a kan hanyoyin da manoma suke kare kansu tun kafin zuwan takayua. A nan ma aikin Udry na farko ya fi zurfi. A ƙarshen shekarun 1980 ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana nazarin bashi. Ya gano cewa mafi yawan rance tsakanin dangi da maƙwabta ake yin sa, ba jingina, ba takarda, kuma abin da ake biya da lokacin biyan suna sauyawa bisa ga abin da ya samu mai karɓa ko mai bayarwa. Idan gonar mai bashi ta lalace, sai a sassauta masa. Idan mai ba da rancen ne ya shiga matsi, sai a gaggauta masa, har a ƙara. Wato bashin da kansa inshora ne.

Irin waɗannan hanyoyi suna da yawa: haɗa amfani iri-iri a gona guda, raba gonaki tsakanin tudu da fadama, kiwon awaki da zabi domin ranar buƙata, gayya, adashi wanda ake kira susu a Gana, zakkar hatsi da kaka, da cin rani. 'Yan matan arewa da suke tafiya Akra da Kumasi dako suna cikin wannan lissafi. Sunan da ake kiransu da shi, kayayei, haɗi ne na kalmar Hausa kaya da kalmar harshen Ga mai nufin mata. Raunin waɗannan hanyoyi shi ne fari yakan bugi ƙauye gaba ɗaya, har mai taimako ya koma neman taimako. A nan ne inshorar ruwa take da gurbi na gaskiya. Amma kafin a sayar wa mutum sabuwar laima ya kamata a san wadda yake riƙe da ita, kada sabuwar ta sa ya yar da tsohuwar, musamman da yake binciken ya nuna masu inshora sun ƙara tattara ƙarfinsu a kan abin da fari ya fi bugu.

6.0 Matsalar Harshe da Fassara

Duk alƙaluman irin wannan bincike daga baki suke fitowa. Ana tsara tambayoyi da Ingilishi, ma'aikaci ya juya su zuwa Dagbani ko Hausa a zaure, manomi ya amsa, a sake mayar da amsar lamba a kwamfuta. Maƙalun tattalin arziki ba su cika tsayawa a kan wannan mataki ba, alhali a nan ma'ana take iya zubewa. Misalai daga Hausa za su nuna girman abin.

Kalmar da masana suke amfani da ita da Ingilishi a kan abin da manomi yake tsoro guda ɗaya ce, amma Hausa ta rarraba ta. Kasada ita ce mutum ya jefa kansa cikin abu da saninsa cewa yana iya ɓaci. Haɗari yana nufin abin da ke iya cutarwa. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo ba shiri. Ƙaddara hukuncin Allah ce. Asara kuwa ita ce sakamakon. Idan aka tambayi dattijo ko yana yin kasada a gonarsa, zai iya cewa a'a, domin kasada ba halin magidanci ba ce. Idan aka tambaye shi ko yana tsoron ƙaddara, an taɓa imaninsa. Amma idan aka ce masa, "Baba, in ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan an zuba taki, yaya ake yi?" sai a ji bayani dalla-dalla. Ko a rubuce ma akwai tarko. Idan aka buga takardar tambayoyi da na'urar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, haɗari zai koma hadari, wato gajimaren da manomi yake addu'ar gani.

Haka kalmar riba. A rubutun boko kalmomi biyu ne suka haɗu a siffa ɗaya, ɗaya ita ce ribar ciniki wadda take halal, ɗaya kuma ita ce ribar bashi wadda shari'a ta hana, kuma karin sauti da tsawon wasali ne suke bambanta su a baki. A al'ummar Musulmi, inda malamai da dama suke da ja a kan inshorar zamani saboda kamanninta da caca, kuma aka samar da tsarin takaful a madadinta, yadda aka furta bayani yana iya sa a saya ko a ƙi.

Kalmomin karɓa da bayarwa su ma haka suke. Aro dabam, rance dabam, bashi dabam, tallafi dabam, gudummawa dabam. Akwai kuma falle, wato abin da ake ci da damina a biya da hatsi da kaka. Idan jami'i ya ce bashi ya kawo, amma mai fassara ya ce tallafi, ko ɗan siyasa ya tsaya a gefe yana nuna kyautarsa ce, to an riga an rubuta yadda biyan zai kasance. Sannan kalmar gona kanta: a ƙasar Hausa akwai gandu na gida duka, akwai gayauna ta mutum ɗaya. Wanda aka tambaya eka nawa yake nomawa yana iya ƙirga ɗaya ya bar ɗaya, ko ya ƙara idan ya ji ana rabon kuɗi a kan eka, ko ya rage idan ya ji ƙamshin haraji. Polly Hill, wadda ta yi aiki a kan manoman koko na kudancin Gana kafin ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta cika kusan rabin littafinta na 1972 da bayanin irin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ta fahimci cewa wanda bai san kalmar ba bai san abin da ya ƙirga ba.

7.0 Darasi ga Masu Tsara Manufa

Abin da ya biyo bayan 2014 ya nuna cewa tsohuwar amsa ba ta saki wurinta ba. Gana ta dawo da rangwamen taki a 2008. A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta ƙaddamar da shirin shuka domin abinci da ayyukan yi, inda aka ɗauke wa manomi rabin kuɗin taki da iri. Noman masara ya ƙaru, amma an sha kuka da jinkirin isowar kaya da kuma fasa-ƙwaurin takin zuwa Burkina Faso da Togo. A watan Agusta na 2023 aka ƙaddamar da kashi na biyu na shirin a Tamale, aka maye gurbin rangwame da bashin kayan noma da za a biya da amfani. Shekara ɗaya bayan haka, a Yuli da Agusta na 2024, ruwa ya ɗauke makonni a arewacin ƙasar, gonaki masu yawa suka ƙone. Wannan shi ne ainihin abin da maƙalar ta yi gargaɗi a kansa, wato a ɗora wa manomi bashi a bar shi shi kaɗai da sama. Gwamnati ta amsa da hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Matakin yana da hujja ta fuskar mai saye a birni, amma ga manomin da ya tsira da ɗan amfani, ya koya masa cewa ko shekarar tsada ba tasa ba ce. Ke nan ita ma manufar gwamnati tana cikin abubuwan da manomi yake sakawa a lissafin tsoronsa. A 2025 sabuwar gwamnatin John Mahama ta kawo nata shirin na ciyar da Gana.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa kamar haka. Na farko, duk bashin noma da za a bayar ya zo da sharaɗi bayyananne na abin da zai faru idan damina ta ɓaci, kamar yadda rancen ƙauyukan Zazzau yake da shi. Na biyu, lokaci ya fi rahusa muhimmanci, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tarakta ko takin da ya zo a makare ya riga ya zama asara. Na uku, iri mai jure fari da saurin nuna, irin wanda cibiyar Nyankpala take aiki a kai, yana rage tsoro ba tare da takardar inshora ba. Na huɗu, a kula da rumbu da kasuwa kamar yadda ake kula da shuka. Na biyar, a tambayi mata daban, a kan gonakinsu da sana'o'insu. Na shida, a sa masana harshe cikin tsara tambayoyi tun daga farko, maimakon a nemo tafinta ranar da za a shiga ƙauye.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi sharhi a kan binciken da Karlan da Osei da Osei-Akoto da Udry suka yi a yankin Tamale daga 2009. An nuna cewa aikin ya yi nasarar raunana zaton da aka daɗe ana yi cewa kuɗi kaɗai manomi ya rasa, ya kuma tabbatar da cewa tsoron asara da rashin amana suna da babban tasiri a shawararsa. An kuma nuna cewa bai tabbatar da ƙarin riba ba, ya taƙaita tsoron manomi ga ruwan sama, ya ɗauki gida kamar mutum ɗaya, kuma bai ba tsofaffin hanyoyin kariya da matsalar fassara haƙƙinsu ba. Duk da haka aiki ne da ya cancanci a karanta shi tare da na Norman da Hill da Goody, domin kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa. Ga ɗaliban harshe kuwa, akwai fili a buɗe: tattara kalmomin noma da bashi da asara a Hausar zangon Tamale da ta ƙasar Hausa, a gwada su da na Dagbani, aiki ne da masu bincike da masu tsara manufa suke buƙata, kuma har yanzu bai samu masu yi da yawa ba.